Nawa ne babban albashi a Abuja?

Da zarar labari ya isa gida cewa wane ya samu aiki a Abuja, kuma ana biyansa naira dubu 500 a wata, to an gama magana. A Funtuwa ko Azare ko Gumel, wannan mutum ya shiga sahun masu hali. Sunansa ne zai fara zuwa bakin dangi idan an kwantar da wani a asibiti, ko an sa ranar auren wata, ko damina ta kawo jiki ana neman kuɗin taki. Shi kuwa mai albashin, ranar 20 ga wata sai ka tarar ya ajiye motarsa a gida don ba kuɗin mai, yana tsaye a bakin titin Kubwa yana jiran ta haya. Mutanen gida ba su yi ƙarya ba da suka ce yana ɗaukar kuɗi masu kauri. Shi ma bai yi ƙarya ba da ya ce ba sa isarsa.

A fara da gaskiyar mutanen gida, don ita ce mazauna Abuja ba sa son ji. A ma'aunin ƙasar nan, dubu 500 kuɗi ne. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira dubu 70 ne, kuma ba kowane ma'aikaci ne ya gan shi a kan kari ba. A nan cikin Abuja, malaman firamare na ƙananan hukumomi shida sun rufe azuzuwa fiye da wata uku a 2025, suna neman a fara biyansu shi. Mai yi wa ƙasa hidima dubu 77 yake karɓa. Wanda ya gama jami'a aka ɗauke shi a wata ma'aikatar tarayya a mataki na 8, albashinsa ko rabin dubu 500 bai kai ba. Kuma duk waɗannan 'yan gata ne, domin galibin 'yan Najeriya ba su san wani abu wai shi alat na ƙarshen wata ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a gona suke neman abincinsu, ko kasuwa, ko sana'ar hannu, ko wani aikin da ba shi da takardar albashi. Hukumar ce dai ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Duk mai shirin yin kuka da dubu 500 ya fara tuna wannan.

Sai dai lambar da ke kan takarda daban, abin da take sayowa daban. A 1981, zamanin Shagari, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, an tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125. A lokacin naira ta fi dala ƙarfi, kuɗin sun kai wajen dala 200. A 2011 aka kai shi dubu 18, a 2019 dubu 30, a 2024 dubu 70. Kullum lambar hawa take yi, amma dubu 70 ɗin nan ranar da aka sa mata hannu ko dala 50 ba ta kai ba. In kuma wani ya ce ina ruwan talaka da dala, to a auna da man fetur. A 2019 lita naira 145 ce, dubu 30 tana sayen fiye da lita 200. Zuwa Oktoban 2024 lita ta haura naira dubu a Abuja, dubu 70 ba ta kai ta sayi lita 70 ba.

Kowa ya san inda abin ya ɓalle. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin mai, a watan da ya biyo baya aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin shekara ta zagayo dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100, a Disamba ta kayan masarufi gaba ɗaya ta kai kashi 34.8. Idan aka jera alƙaluman hukumar ƙididdiga daga ƙarshen 2019 zuwa ƙarshen 2024, farashi ya kusa ninkawa sau uku. Ma'ana, mai dubu 500 a yau bai kai ƙarfin wanda ke ɗaukar dubu 200 a 2019 ba. Mutane da yawa an yi musu ƙarin girma sau biyu a cikin shekarun nan, an taya su murna, an ci naman walima, amma tukunyar gidansu baya ta yi. Gaskiya ne hatsi ya ɗan sassauto a 2025, sai dai haya da kuɗin makaranta in suka hau ba sa saukowa.

Dattawan da suka yi aikin gwamnati a zamanin Gowon suna ba da labarin Udoji, ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawararsa a 1974, aka biya har da ariyas, wato kuɗin ƙarin na watannin baya. An sayi babura da rediyoyi, an yi aure, kafin a ankara kasuwa ta ji labari ta ɗaga nata farashin. Tun daga lokacin tseren bai sake salo ba, kuma ba a taɓa jin albashi ya riga kasuwa isa ba.

Kafin ma kuɗin su taɓa hannun mai su, an rage musu tsawo. Dokar fansho ta 2014 tana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Ga haraji. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe wa naira dubu 800 ta farko a shekara, sannan ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, muddin rangwamen bai wuce dubu 500 ba. Wannan sauƙi ne na gaske ga ƙananan ma'aikata. Amma mai dubu 500 a wata ya riga ya shiga matakin da ake cire kashi 18, don haka in an haɗa fansho da haraji kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa ya tafi. Abin da zai shigo waya bai fi dubu 400 ba. In kuwa ya ci bashin kofaretif na ofis, ko ya karɓi shinkafar azumi da ragon layya da za a riƙa cira a hankali, to alat ɗin da zai gani ya ƙara ramewa. Dangi dubu 500 suka ji, kuma da ita za su ci gaba da yi masa lissafi.

A kan kuɗin da suka rage ne haya ke zaune, kuma a ganina duk wata muhawara kan babban albashi a Abuja da ba ta fara da haya ba, ɓata baki ce.

Abuja ba haka aka tsara ta ba. Lokacin da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disambar 1991, an gina wa ma'aikata gidaje a Garki da Wuse da Karu da Kubwa da Nyanya, mutum yana zaune a gidan gwamnati ana cire masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da irin waɗannan alfarmomi kuɗi: maimakon a ba ka gida, a zuba maka alawus ɗin gida a cikin albashi. Daga nan aka sayar da gidajen, lokacin Nasiru El-Rufa'i yana ministan Abuja. Waɗanda ke ciki da dama sun saya, Allah ya rufa musu asiri har gobe, wasu ma su ne masu ba da haya a yau. Wanda aka ɗauka aiki bayan nan kuwa, kasuwa aka tura shi da alawus ɗin da ba ya bin farashin kasuwa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu a ofis ɗaya, mataki ɗaya, albashi ɗaya, ɗaya yana tafiya Umara, ɗayan yana ɓoye wa lambar mai gida. Na farkon ba iya tattali ya fi ba, gida gare shi.

Ita hayar ma yadda ake karɓarta wani nauyi ne na daban. Albashi wata-wata yake zuwa, mai gida kuwa shekara yake so a dunƙule, wani ma shekara biyu in sabon shiga ne. A kan wannan a ɗora kason dillali, wanda yawanci kashi 10 ne, da kuɗin lauya, da kuɗin da ake ajiyewa saboda ɓarna, a rukunin gidaje kuma da kuɗin shara da masu gadi. Ma'aikaci ba shi da inda zai samo kuɗin shekara a rana ɗaya sai adashi ko bashi. Saboda haka wata uku kafin haya ta ƙare gida ya shiga zullumi, wata shida bayan an biya ana biyan bashin da aka ci. An taɓa kawo ƙudiri a Majalisar Dattawa a 2022 da nufin a rage wannan karɓar kuɗin gaba a Abuja, bai zama doka ba.

Me ya sa hayar take da tsada haka, alhali yawancin mazauna garin ma'aikatan gwamnati ne da kowa ya san albashinsu? Saboda ba da albashinsu ake yanka farashin ba. A gari ɗaya suke neman gida da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƙasashen waje, waɗanda wasunsu da dala ake lissafa musu. Ga ma'aikatan hukumomin da ke da tsarin albashinsu na kansu, irin su Babban Banki da kamfanin mai na ƙasa da hukumar tara haraji, waɗanda suka yi wa takwarorinsu na ma'aikatu fintinkau ko da takardar shaidar karatunsu iri ɗaya ce. Ga 'yan siyasa da 'yan kwangila. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata na tafiyar da ofis, ban da albashi. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21, a daidai lokacin da hukumar da ke tsara albashin masu riƙe da muƙamai ke cewa albashin sanata da alawus ɗinsa miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Masu irin wannan kuɗi su ke sa farashi a Maitama da Asokoro da Wuse II. Wanda aka ture daga can ya koma Gwarinpa ya ture wani, na Gwarinpa ya koma Kubwa ko Lugbe, na Kubwa ya nufi Dutsen Alhaji ko Bwari ko Zuba, haka har a fita daga Abuja baki ɗaya. Kuma duk wanda ya bi ta manyan unguwannin nan da dare ya ga gidaje jere a rufe, ba fitila, ba kowa sai mai gadi. An gina su ne don a adana kuɗi, masu su ba su matsu da ɗan haya ba, don haka ba su da dalilin rage farashi.

Wanda ya gudu daga tsadar haya, hanya ce ke jiransa. Je ka Mararaba ko Masaka, can cikin jihar Nasarawa, bayan an idar da sallar asuba. Gari bai gama wayewa ba amma bakin titi ya cika: mai kwat da jakar kwamfuta, ma'aikaciyar jinya da fararen kaya a leda don kada su yi ƙura, uwa riƙe da yaro sanye da kayan makaranta yana gyangyaɗi a tsaye. Ƙaramar mota ta tsaya, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kowa ya ɗan leƙa fuskokin na ciki kafin ya shiga saboda tsoron 'yan wan-cans, ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji su yi wa wanda ya shiga motar fashi. Direban sau da yawa shi ma ma'aikaci ne, katin ofis na rataye a wuyansa, yana kiran “Sakatariya, Baja” don ya haɗa kuɗin man da zai kai shi aiki. Daga gadar Nyanya zuwa gangaren Kugbo har mahadar AYA da ke bakin Asokoro, tafiyar da ba ta fi minti 20 ba in hanya a buɗe take, sai ta ci awa ɗaya da rabi ko biyu. Da yamma a sake. Uban da ke wannan zirga-zirga yakan fita 'ya'yansa na barci, ya dawo sun yi barci. Abin da ya rage a haya ya biya shi a kuɗin mota, ya ƙara da lafiyarsa da lokacin iyalinsa, waɗanda ba a rubuta su a kowace takardar albashi.

Bayan haya sai abubuwan da a ƙa'ida hukuma ce ya kamata ta samar, amma kowane magidanci ya zama shi ne hukumar gidansa. Ruwan madatsar Usuma yana isa tsakiyar birni da wasu unguwanni, amma a garuruwan gefe 'yan garuwa ne da kurarsu, ko burtsatsen maƙwabci, ko tanka. Mai zama a unguwar masu hali yana buɗe famfo, mai zama a Karshi ko Mararaba yana ƙirga jarka, kuma in aka bi lita-lita na biyun ne ke sayen ruwa da tsada. Wuta ma haka. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Wanda ba ya rukunin kuma ga janareta da man da za ta sha, ko ya tara kuɗin sola. Makaranta, malamin gwamnati da kansa in yana da hali ta kuɗi yake kai 'ya'yansa, kuma sau uku a shekara take zuwa, ban da littattafai da kuɗin motar makaranta da Islamiyya. Asibiti kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita kai tsaye. Ma'aikacin tarayya yana da inshorar lafiya, amma ta tsaya a kansa da matarsa da 'ya'ya huɗu, ba ta san da mahaifiyarsa da ke ƙauye ba.

A gwada lissafin. Mu ce mutumin nan mai dubu 400 a hannu yana da mata da 'ya'ya huɗu da ƙaninsa da ke karatu a wurinsa, yana biyan hayar miliyan 1.8 a shekara, wato dubu 150 a wata. Hukumar ƙididdiga tana fitar da mafi ƙarancin kuɗin da babban mutum zai kashe ya ci abinci mai gina jiki a rana, kuma a tsakiyar 2024 ya haura naira 1,200, wato dubu 36 a wata. In aka ɗauki gidan nan a matsayin cikin manya biyar, abinci kaɗai dubu 180 ne, ba a sayi gas ko gawayin dafa shi ba. Saura dubu 70. A cikinta za a fitar da kuɗin mota, da wuta, da ruwa, da makarantar yara huɗu, da sabulu, da kati, da magani. Ba a yi ɗinkin Sallah ba, mota ba ta lalace ba, ba a haihu ba, ba a rasu ba.

Sai waya ta yi ƙara.

“Yaya, ina wuni. Inna ce ta ce a gaya maka maganin hawan jininta ya ƙare tun shekaranjiya.”

“Subhanallahi. To, ki ce mata ta yi haƙuri zuwa jibi, in sha Allahu zan turo.”

Zai turo ɗin, ko da littafin bashin mai shagon unguwa zai ƙara shafi. Ni ba na cikin masu cewa dangi ne matsalar ma'aikacin Bahaushe, ya yanke su ya huta. Zumuncin nan shi ne inshorar da mafi yawan mutanenmu suka mallaka. Shi kansa ma'aikacin, wani kawu ne ya biya masa kuɗin jarrabawa, wata yaya ce ta sayar da akuyarta ya tafi jami'a. Ranar da aikin ya ƙare ko ciwo ya kwantar da shi, can zai koma. Abin da nake cewa shi ne a sa wannan nauyi cikin lissafi tun farko, a daina ɗaukarsa kamar wani abu da ya faɗo ba zato. Albashin da ke ciyar da mutum uku da wanda ke ciyar da mutum 15 a gari biyu ba abu ɗaya ba ne ko da lambarsu ɗaya. Kuma akwai laifin ma'aikatan kansu a nan. Da yawa ba sa iya gaya wa 'yan'uwa gaskiyar halin da suke ciki. A je gida da Sallah da motar da aka wanke tas da shadda mai maiƙo, a yi rabon sababbin kuɗi da bashi, sannan a dawo ana ƙorafin ana yi wa rogo kallon kitse.

Haka nan wani ɓangare na ƙuncin mu muke saya da kuɗinmu. Abuja gari ne na ganin ido. Makarantar da maƙwabci ya kai 'ya'yansa, wayar da abokin aiki ya riƙe, ankon biki uku a wata ɗaya, zauren taron da aka kama don kamu da dina. Akwai masu miliyan biyu a wata da ba sa kai ƙarshen wata, domin kowane ƙarin albashi sabuwar buƙata yake haifa musu. Irin waɗannan ba su ne abin tausayi a wannan magana ba.

To mene ne ma'auni? Ni dai ban ga wanda ya fi na zakka adalci ba. Shari'a ba ta tambayi nawa ke shigo maka ba. Ta duba abin da ya rage a hannunka bayan buƙatunka, ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, kuma ya shekara bai taɓu ba. Da wannan ido, mutane da yawa da ake kira manyan ma'aikata ba su taɓa kusantar wadata ba, hannu baka hannu ƙwarya suke yi, ƙwaryar ce kawai ta fi ta wasu girma. Ba sai an kai nisabi ba kafin a ce mutum ya samu natsuwa, amma hanyar aunawar ita ce daidai. Albashi ya isa a kira shi babba idan haya ba ta cin fiye da rubu'insa, idan kuɗin makaranta ya zo ba a nemi rance ba, idan an iya ware wani abu kowane wata ba a waiwaye shi ba, kuma idan albashin ya tsaya wata uku, kamar yadda yakan faru ga ma'aikatan jihohi da na kamfanoni, gidan ba zai watse ba. Da wannan lissafi, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ke haya a Abuja, yana kuma tallafa wa iyaye a gida, sai abin da ke shiga hannunsa ya kai wajen miliyan ɗaya a wata kafin ya fara barci da ido biyu rufe. Ba rayuwar Maitama nake nufi ba, rufin asiri kawai. Mai gidan kansa zai samu wannan natsuwa da ƙasa da haka. Saurayin da ke zaune a gidan kawunsa a Gwarinpa yana ɗaukar dubu 250 ya fi su duka sakewa. Ma'aikata nawa ne a sakatariyar tarayya ke ganin miliyan ɗaya a wata ta hanyar albashi tsantsa? Ko daraktoci ba duka ba.

Wannan giɓi ne ya fi damuna, domin ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba. Idan albashin halal ba ya riƙe gida, sai ido ya koma kan abin da ke biyo bayan kujera: alawus ɗin tafiye-tafiye, taron bita a otal, kwamitin da ake biyan kuɗin zama. Daga nan zuwa riƙe fayil sai an ga “na goro” taki ɗaya ne. Talauci ba hujjar cin hanci ba ne, kuma manyan ɓarayin ƙasar nan ba yunwa ce ta sa su sata ba. Amma akwai dubban ma'aikata masu tsoron Allah da ke zuwa ofis da guntun burodi a jaka, suna kallon na kusa da su yana gina gida na biyu, 'ya'yansu na tambayarsu me ya sa su ba su da shi. Ƙasar da ta bar mutanen kirki cikin wannan jarrabawa kowace rana ta san abin da take shukawa.

Wasu sun samo mafita ta raba gida biyu. Tsarin albashin tarayya ɗaya ne ko ina: mai mataki na 12 a Jos da mai mataki na 12 a Abuja abu ɗaya suke ɗauka. Amma na Jos haya ba ta shaƙe shi haka ba, dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir suna sauka a kasuwar Farin Gada daga gonakin da ke kusa, sanyin garin ya ɗauke masa kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, kuma ofis ba tafiyar awa biyu ba ce. Shi ya sa ake barin iyali a Jos ko Kaduna ko Keffi ko Lafiya, maigida ya kama ɗaki ɗaya a Abuja ko su haɗu su uku, ya riƙa zuwa gida ƙarshen mako ko ƙarshen wata. Lissafin kuɗi yana fita, sai dai tukunya ta zama biyu, ga haɗarin hanya, ga uwa ita kaɗai da tarbiyyar yara.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, don haka a 2027 za a koma teburi. A karon da ya wuce ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Joe Ajaero ta fara da neman dubu 615, ta sauko 494, ta sauko 250, har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya a yajin aikin watan Yunin 2024, aka ƙare a 70. Ina goyon bayan a nemi ƙari, ma'aikata sun cancanta. Amma idan lamba kaɗai za a sake ja a kai, masu gidaje da masu makarantu da direbobi za su karɓe ƙarin kafin ariyas ya fito. Abin da zai daɗe a aljihun ma'aikacin Abuja shi ne a rage abin da yake saya da albashin: a mayar da haya wata-wata da doka, a gina gidajen da mai mataki na 8 zai iya biya a kusa da inda yake aiki, a kai ruwan famfo garuruwan gefe, a gyara makarantar gwamnati har malaminta ya yarda ya kai ɗansa. Jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a Mayun 2024, yana zuwa filin jirgin sama da Idu da Kubwa. Layin da zai bi ta Nyanya, inda mafi yawan masu asubancin nan ke fitowa, har yanzu a kan takarda yake.